Ka-ji-nan da Ƙafar da Aka Ce An Kashe

Kafin likitoci su iso, kafin masu shara su gama goge baranda, shi ya riga ya shiga ɗan ɗakinsa da ke maƙale da ɗakin tiyata, ya rataye rigar gida a ƙusa, ya wanke hannu har gwiwa. Sai ya jera kayan aiki a kan tire, allurai da sirinji da auduga, kowace kwalbar magani ya ɗaga ta sama ya karanta sunanta da ƙarfi kamar mai koya wa bango karatu. Daga nan ya buɗe firji ya cika wani tsohon kofin roba da ƙanƙara. Ma'aikacin jinya ne a sashen allurar kashe zafi, a kan aikin ya yi furfura, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi. Sunansa na yanka yana nan a katin da ke rataye a ƙirjinsa, amma ba mai dubawa. Daga likitoci har masu gadi, Ka-ji-nan ake ce masa.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba ya sani. Idan mutum ya tsinka jijiyar da ke riƙe gwiwa, likita kan ɗebo wata daga jikin mutumin, ya huda ƙashi, ya dasa ta a madadin wadda ta tsinke. Aiki ne mai kyau, amma zafin da ke biyo bayansa kan sa ƙato mai gemu ya kira uwarsa. Shi ya sa ake yin wata allura a cinya. Likitan allura yana riƙe da na'urar da ke nuna cikin jiki, yana bin tsinin allurar a allo har ta kai gefen jijiyar da ke kai wa mutum labarin ciwo. Ka-ji-nan ke riƙe da sirinji. Ya ɗan ja baya ya tabbatar ba jini, ya tura kaɗan, ya tsaya, ya gaya wa likita ko maganin na tafiya da sauƙi ko yana turjewa. Da babban yatsansa yake jin wannan, kuma in ya ji turjiya ba ya matsawa. Maganin ya kewaye jijiyar, ƙafa ta yi shiru yini guda ko fiye, mutum ya wuce mafi munin zafin yana hutawa.

A ƙa'ida, aikinsa ya ƙare a ƙofar ɗakin tiyata. Shi bai taɓa yarda da haka ba. Yakan bi marasa lafiya har gadonsu da kofin nan, ya ɗora ƙanƙara a cinya, a ƙwauri, a idon sawu, yana tambaya ko an ji nan, nan fa. Sai ya biya musu karatunsa da ba ya canzawa: kada ka tashi kai kaɗai, ƙafar ba za ta ɗauke ka ba, kada a ɗora mata komai, ka sha ƙwayarka tun zafin bai dawo ba. Nas-nas sun haddace karatun, in ya juya baya sukan kwaikwaye shi har da ɗan tarin da yake yi a tsakiya. Su ne kuma suka ga ranar da wani jibgegen saurayi ya ji ba ciwo ya ɗauka ya warke, ya diro daga gado zai je ban ɗaki. Ƙafar ta lanƙwashe, tsohon ya tare shi da ƙirji, suka zube tare. Gilashin idon tsohon ya fashe, gwiwar saurayin ta tsira. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya sake biya masa karatun daga farko.

Amma ba wannan ya sa ake masa jinjina a yau ba. Akwai abin da ya faru a ɗakin maza wanda duk wanda ya gani da ido har yanzu ba ya iya ba da labarinsa yana cin abinci.

Wani kafinta ne mai rufin kwano, ana ce masa Auta, ko da yake ya ajiye iyali har da 'ya'ya a makaranta. Tsani ya zame da shi, gwiwar ta murɗe, jijiya ta tsinke. Mai rufi kuwa da gwiwa yake ci, in ba ta hawa tsani gidansa ya shiga uku. Da aka sa ranar aiki, shi da yayyensa suka haɗa baki suka ɓoye wa mahaifiyarsu, wai kada hankalinta ya tashi. Abin da kawai aka ce mata shi ne jijiya ce ta tsinke kuma za a gyara. Wannan ɗabi'a ta ɓoye wa tsofaffi magana da sunan tausayi, mugunta ce da ta yi wanka ta sa farin kaya. Da safe Ka-ji-nan ya zaunar da Auta da matarsa ya yi musu bayani dalla-dalla, suka ce sun gane. Wadda ta fi kowa buƙatar ji tana gida tana shanya.

Aka yi aiki lafiya. Aka kwantar da Auta, an naɗe gwiwar da bandeji, an ɗora ƙafar a kan matashi ta fi gwiwar tudu. Bayan la'asar labari ya kai wa Inna ta bakin maƙwabciya, ta yafa mayafi ta taho da filas ɗin ruwan zafi da tawul. Ta tarar matar Auta ta tafi layin karɓar magani, shi kuma yana tsakanin barci da farke. Ta taɓa ƙafar. Ta matsa ta. Ta mintsini ƙwaurin da ƙarfi, irin mintsinin da ta san yana sa shi tsalle tun yana yaro. Ko motsi bai yi ba. Da ta tambaye shi, ya ce da muryar barci ta bari, an kashe ta ne.

A gadon da ke kusa akwai wani direban babbar mota da ya karye a cinya, ya daɗe a ɗakin har ya zama kamar mai gida. Rediyo ake ce masa, don ba a kashe shi sai barci ya ɗauke shi. Ya ɗago kai ya ce, "Ai Inna, jijiyar suka kashe gaba ɗaya. Yanzu ko mahauci kika kira ya yanki tsoka, kafinta sai dai ya tambaye shi nawa kilo." Ɗakin ya ɗauki dariya. Inna ba ta yi ba.

Harshenmu mai yalwa ne, amma a nan ya yi rowa. Igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, jijiya. Hanyar da jini ke bi, jijiya. Mai kai saƙon ciwo zuwa kai, ita ma jijiya. Tsohuwar nan an ce mata za a gyara jijiya, ta zo an ce mata an kashe jijiya. Me ake so ta fahimta? Ta fahimci abin da kowane mai hankali zai fahimta: an kawo ɗanta gyara an nakasa shi, kuma ana dariya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba, don a ganinta waɗanda za ta kira su ne suka yi ɓarnar. Ta raini 'ya'ya, ta yi jinyar miji har ya koma ga Allah, kuma duk rayuwarta ta san cewa abin da ya sandare da ɗumi ake tashinsa. Ta ja labule ya kewaye gadon.

Ta fara da ruwan filas. Ta jiƙa tawul ta ɗora a ƙwaurin, ta tambaye shi ko ya ji, ya ce a'a. Ta ce a ranta ruwan ya huce. A ƙarshen baranda akwai butar lantarki da masu jinya ke dafa ruwan shayi, ta je ta cika ta, ta tsaya har ta tafasa, ta ɗauko ta. Mutane sun gan ta tana wucewa, wani ma ya kauce mata yana yi mata sannu. Ta zuba a kan tawul ɗin. Hannunta bai iya taɓa shi ba, sai ta sa bakin cokali tana gyara masa zama a kan ƙafar ɗan da ta haifa.

A lokacin Ka-ji-nan ya tashi daga aiki, har ya sa rigar gida. Zagayen ƙarshe ya shigo yi kamar kullum. Yana tsakiyar ɗakin ya ji tambayarsa, tambayar da shi kaɗai ke yi a asibitin, tana fitowa daga bayan labule da muryar tsohuwa.

"Auta, ka ji nan? To nan fa?"

Ya ɗaga kai ya ga tururi yana tashi ta saman labulen. Ya yaye shi. Inna ta karkata butar, ruwa na zuba, kuma da yake ƙafar ta fi gwiwar tudu, ruwan ya kama gangara zuwa bandejin da ke rufe da aikin safe. Babu lokacin magana, babu lokacin neman safar hannu. Ya tura hannunsa na dama tsakanin bakin butar da ƙafar, tafasasshen ruwan ya sauka a tafinsa ya watse gefe, ya sa hagu ya datse ƙasan bandejin. Sai da ta janye butar sannan ya ɗaga tawul ɗin. Fatar ƙwaurin ta biyo shi.

Rediyo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wani mai jinya ya fita da gudu ya yi amai a kwata. Abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne Auta da kansa. Ya ɗago a kan gwiwar hannu, ya dubi jan naman da ke tururi a ƙasan gwiwarsa kamar mai kallon ƙafar wani, ya dubi fuskokin mutane, ya tambaya a hankali ko lafiya.

Nas-nas suka zo. Ka-ji-nan ya ce a sauke ƙafar daga matashi don ruwa ya gudu daga gwiwar, a yi ta kwarara ruwan famfo mai sanyi a kan ƙunar, a kira likita. Yana ba da umarnin nan hannunsa na kumbura yana yin bororo, sai da wata nas ta daka masa tsawa ta tura masa bokiti sannan ya tsoma shi. Likita ya zo ya kwance bandejin. Bakin bandejin ya jiƙe, cikinsa a bushe. Ya gaya wa matar Auta, wadda ta dawo da ledar magani ta tarar da wannan, gaskiya ba kwana-kwana. Ƙunar tana dab da inda aka yanka. In ta ruɓe ruɓar ta shiga gwiwa, sai an ciro jijiyar da aka dasa, kuma da wuya gwiwar ta sake hawa tsani. Za a zuba ido a gani.

Inna tana zaune a ƙasa a baranda, bayanta a bango, cokalin na hannunta har lokacin. Kowa na kewaye ta ya wuce. Ka-ji-nan ya jawo bokitinsa ya zauna a ƙasa kusa da ita, tsoho da furfurarsa. Ta dube shi ta tambaya ko shi ne ya kashe wa ɗanta jijiya. Ya ce shi ya tura maganin. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta dubi gidan da Auta ke rufawa: akwai igiyar da ke ɗaure katako, akwai bututun ruwa, akwai wayar wuta. Igiyar ce ta tsinke, likita ya ɗaura sabuwa. Wayar kuwa ba a tsinka ta ba, an ɗauke wutar ne na ɗan lokaci don mai gida ya samu barci.

Ta ce, "Ni dai kashewa na ji. Abin da aka kashe kuwa ban taɓa ganin ya tashi ba."

"Gaskiyarki, Inna," in ji shi. "Kunnenki bai yi kuskure ba. Bakinmu ne ya yi."

Ta tambayi yaushe wutar za ta dawo, ya ce gobe in Allah ya yarda. Ta ce to a nan za ta jira, kuma in ba ta dawo ba ita da shi sai gaban Allah. Ya ce ya yarda.

An ba shi hutu saboda hannun. Washegari da safe sai ga shi, hannu a naɗe kamar na ɗan dambe, ya tsaya sai da aka ba Auta ƙwayarsa a kan lokaci. Rana ta ɗan ɗaga Auta ya fara yamutsa fuska, ya fara nishi, can ya cije leɓe ya ce wayyo. Inna ta miƙe, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu tana hamdala, ƙafa ta tashi. Sai likita ya tambayi Auta ina ke ciwo. Ya ce gwiwar da sauƙi, ƙwaurin ne kamar an hura masa wuta. Waɗanda ke wurin sun ce sun ga murmushin ya mutu a fuskarta tun hannayenta na sama. Abu na farko da ƙafar ɗanta ta ji bayan ta farka, aikin hannunta ne.

A ranar yayyen Auta suka iso. Sun ji an ƙona ƙafa, ba su tsaya jin wanda ya ƙona ba. Babbansu ya tare Ka-ji-nan a baranda ya ci kwalarsa, yana cewa sun kashe ƙafa sun kuma dafa ta, tsoho da shi bai san aikinsa ba. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Likita ya sani, nas-nas sun sani, ɗaki guda ya gani. Ka-ji-nan ya dubi ƙofar ɗakin da tsohuwar ke ciki, ya ce a yi haƙuri, ya ƙara cewa a yi haƙuri. Ya fi son a zage shi da a ce 'ya'ya su dubi uwarsu da wannan ido. Ita ce ta ji hayaniyar ta fito. Ta ce wa babban ya saki rigar mutumin kafin ta saɓa masa, ta tara su a gaban jama'a, ta faɗi abin da ta yi daga filas har cokali, ba ta rage komai ba. Sannan ta tambaye su wa ya ce a ɓoye mata ranar aiki. Ita ce kuma daga baya ta ce a ba da labarin nan ko'ina, kada wata uwa ta maimaita. Ba don haka ba da ba a rubuta shi ba.

Ruɓa ba ta shiga gwiwar ba. Amma kada wani ya ɗauka an tashi lafiya lau. Ƙunar ta fi aikin daɗewa, sai da aka yanko fata daga cinya aka lulluɓe ta, motsa gwiwar da ya kamata a fara da wuri ya yi jinkiri, ta yi tauri, Auta ya sha wuya kafin ta lanƙwasu. Ya koma kan rufi, yana hawa tsani a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, amma yana hawa, kuma gidansa na ci. Ka-ji-nan kuwa hannunsa ya warke fatar ta ɗame. Babban yatsan da yake jin turjiyar magani da shi ya daina ji kamar da. Ba wanda ya kore shi daga sirinji. Shi ya je ya ce wa likitan allura a ba wani, don ba zai tura magani kusa da jijiyar mutum da yatsan da bai amince da shi ba. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wanda ya fi so, ya ajiye shi da kansa, ya ƙarasa shekarunsa yana koya wa na baya yana zagaya gadaje. Ya kuma hana kalmar kashewa a sashen. Ƙafa ta yi barci ake cewa yanzu, kuma ba ya barin gado sai ya tambayi wa zai zo dubiya daga gida wanda ba a yi wa bayani ba.

Abin mamaki, abin kunya, asibitin bai ko tara mutane ya ce masa sannu ba. An yi masa magani, an ba shi hutu, an wuce wurin. Muna cika zaure don wanda ya yanka kintinkiri, muna tafa wa wanda ya iya dogon jawabi, mutumin da ya sa hannunsa ƙarƙashin tafasasshen ruwa don gwiwar wanda bai haɗa komai da shi ba kuwa sai dai a kwaikwayi tarinsa.

To kai Ka-ji-nan, yau da kai ake. Kai ne ka ɗauki abin da ba a ɗora maka ba. Kai ne ka zauna a ƙasa da wadda kowa ke kewayewa, ka ba ta gaskiyarta a lokacin da duniya za ta kira ta jahila. Kai ne aka ci kwalarka kana da hujja a baki ka haɗiye. Garkuwar wanda ba ya jin ciwonsa, mai gadin ƙafar da ta yi barci. Ba ka yi suna ba, ba ka nema ba, amma akwai mutane da yawa a gari da ke tafiya da ƙafafunsu ba su san hannunka na ciki ba.

Kwanakin baya, da labarin ajiye aikinsa ya bazu, Inna ta sa Auta ya kawo ta. Ta ƙara tsufa, sai da ya riƙe ta a matakala. Ba ta zo da jawabi ba. Ta ce ya miƙo hannun, ya miƙa yana jin nauyi. Ta juya tafin ta dubi tabon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sunkuya ta hura masa iska a hankali, yadda ake yi wa yaron da ya taɓa murhu. Tsohon ya kau da kai ya dubi bango. Auta ma haka.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, ya sanyaya hannun nan ranar da zafi ya fi na buta. Ku kuma masu farar riga, ku auna kalmar da kuke jefa wa mutane, don abin da kuka saba da shi ba shi kowa ya saba da shi ba. Masu ɓoye wa iyaye magana, ku daina, ku zaunar da su ku gaya musu tun da sauran lokaci. Wanda ya je dubiya ya riƙe hannunsa da maganinsa har sai ya tambaya. Wanda kuma ke jin aikinsa ya ƙare a bakin ƙofa, ya je ya dubi Auta a kan rufi, ya tambayi kansa da wa zai hau tsanin nan in da tsohon ya sa rigarsa ya wuce gida.